Waiwaye: Wa Ke Riƙe da Igiyar Awo a Ƙasar Gezawa?

A ƙidayar 2006 an samu mutum 282,069 a ƙaramar hukumar Gezawa, a kan ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 340 ba. In ka raba, kowace kilomita tana ɗauke da mutum sama da 800, kuma tun daga lokacin ba a daina suna ba. Duk wanda ya bi titin Haɗeja ya wuce Jogana, ya ratse cikin ƙauyuka, ba ya bukatar lissafi. Babu daji, babu saura. Gona na jingine da gona tun daga bakin kwalta har inda ido ya gaji, ga ɗorawa da tsamiya da gawo da kuka a tsaitsaye a cikinsu, kowace bishiya da mai ita. A irin wannan ƙasa kunya biyu ta gero ta isa ta kai 'yan uwan ciki ɗaya gaban alƙali.

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da aka fi aunawa a duk Arewa. An taka ta da ƙafa, an ja mata sarƙa, an ɗauki hotonta daga jirgin sama, yanzu kuma tauraron ɗan'adam na leƙa ta dare da rana. Amma je ka wurin mai unguwa ka ce ya nuna maka takardar da aka zana unguwarsa a kai, inda burtali ya bi, inda maƙabarta ta tsaya, inda kududdufi ya ƙare. Da wuya ka samu. Awon an yi shi, takardun ne suka tafi tare da masu awon.

Tarihin abin ya fara da haraji. Kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da zakka, kuma masu gari ke tarawa bisa sanin da suka yi wa mutanensu. Bayan an ci Kano a 1903, Turawa suka ga wannan sani yana cikin kawunan mutane, su kuwa a takarda suke son sa. Wajen 1909, zamanin Sarki Abbas, Razdan Temple ya shigo da tsarin da ake kira taki. Aka ɗauki malamai masu iya rubutu da lissafi, suna bin gonaki suna ƙirga tsawo da faɗi da takun ƙafarsu, a rubuta sunan mai gona, a yanka masa haraji daidai girman abin da yake nomawa. A takarda adalci ne, mai babbar gona ya biya da yawa. A gona kuwa ƙafar malamin taki tana da hankali: gonar wanda ya yi masa alheri sai takun ya yi tsawo, gonar ta ragu, ta wanda ya ƙi kuwa sai ta kumbura. Rahotannin Turawan kansu cike suke da ƙorafin wannan. Daga baya aka kawo awo da sarƙa a gundumomin da ke kusa da birni, aka zana taswirori da kowace gona a ciki da lambarta. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har baturiyar nan Polly Hill ta dogara da irin waɗannan taswirori na shekarun 1930 wajen rubuta littafinta kan Dorayi, wanda ya fito a 1977. Sai dai manomin da aka zana gonarsa bai taɓa riƙe takardar ba. Rasit ɗin haraji kawai ya sani.

A 1910 dokar Turawa ta ce ƙasar Arewa duk tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ɗora a kan haka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin Obasanjo, ta shimfiɗa tsarin a kan Najeriya baki ɗaya, ta ba gwamnan jiha ikon karɓar fili don amfanin jama'a, a biya diyyar shuka da gini. Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya yi murna, amma awo bai daina ba shi tsoro ba, dalilin tsoron ne ya sauya. Da in an ga mai sarƙa a gona an san kuɗi za a biya. Yanzu in an ga mota ta tsaya, wasu sun fito da na'ura mai ƙafa uku, an san gonar ce ke shirin tafiya. Har gobe in aka ce wa baƙauye "za a zo awo", gabansa faɗuwa yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Shekara ɗari ke nan ba a taɓa zuwa awo don a ba shi wani abu ba.

Akwai baƙon da ya zo da wata niyya daban. Michael Mortimore ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya dawo Jami'ar Bayero a 1979, kuma tun 1965 shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da binciken farko kan ƙasa da jama'a a wannan yanki mai cunkoso. Daga baya, cikin shekarun 1990, Tumbau ta nan Gezawa tana cikin ƙauyuka huɗu da shi da William Adams suka bi diddiginsu, sauran su ne Dagaceri da Kaska da Futchimiram, littafin ya fito a 1999. A Tumbau ɗin ne kuma Frances Harris ta zauna da manoma tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. A lokacin masana a Turai sun gama yanke hukunci cewa inda jama'a suka yi yawa haka, ƙasa za ta mutu, bishiyoyi su ƙare, hamada ta shigo. Binciken bai nuna haka ba. Hotunan sama na shekaru daban-daban sun nuna bishiyoyin gona ba su ragu ba. Ana noma ƙasa kowace damina ba hutu, kuma tana bayarwa, saboda harawar wake da ta gyaɗa na zuwa bakin tumaki da awaki, takinsu na dawowa gona, jakuna na kawo sharar birni a mangala, ƙurar hunturu ma tana ƙara nata. Masu binciken sun gano haka ne don sun tsaya a bakin gona sun tambayi mai ita. Amma su ma, Allah ya saka musu, da Turanci suka rubuta, kuma littattafan suna ɗakunan karatu na jami'o'i.

Taswirar gaskiya ta ƙasar nan tana kan dattawa, kuma ana buɗe ta ne ranar rabon gado ko ranar rikicin iyaka. Na tsaya a irin wannan zama ina yaro, ina riƙe da buta. Mai unguwa na gaba, liman na biye, sai maƙwabtan gona ta gabas da yamma da kudu da arewa, don ba a taka iyaka sai da su. Wani tsoho ya tsaya a kan tushen gamba ya ce daga nan ne, mahaifin wane ya dasa ta shekarar da aka yi fari. Wani ya ce a'a, gambar ta yi tafiya, asalin iyakar kututturen aduwa ne da aka sare. Aka kawo fartanya aka tona, sai ga baƙin saiwar a ƙasa, taku uku daga inda gambar take. Magana ta ƙare a nan, aka yi fatiha. Kafin a watse sai wata murya daga bayan mutane ta tuna musu cewa ɗorawar da ke tsakiyar gonar ba ta cikin rabo, ta gwaggon marigayin ce, ita ke cin kalwarta tun kafin a haifi magadan. Kowa ya ce haka ne.

Wannan ɗorawa ita ce abin da takardar shaidar mallaka ba ta iya ɗauka. Takarda suna ɗaya take so a kan fili ɗaya. A nan kuwa gona ɗaya tana iya zama ta gandu, a cikinta akwai gayaunar ƙane, gefe guda an ba wani aro, wani ɓangaren yana hannun mai jingina har sai an dawo masa da kuɗinsa, bishiyar ta wata ce, bayan an yi girbi kuma Bafulatani na da al'adar shigowa da shanu su ci kara su bar taki. Haƙƙoƙi ne a kan juna, kowa ya san nasa, kuma duk suna rataye ne a kan ƙwaƙwalwar mutanen da ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya.

A wasu sassan duniya mutanen da aka raina saninsu sun ɗauki alƙalamin da kansu. A farkon shekarun 1970 mutanen Inuwit na arewacin Kanada suka zauna da ɗaruruwan mafarautansu, kowa ya zana a kan taswira inda ya yi farauta, inda ya kama kifi, inda ya kafa zango tsawon rayuwarsa. Da aka haɗa zanen, ƙasar da gwamnati ke ɗauka fanko ce sai ta fito cike da hanyoyi da sunaye. Rahoton ya fito a 1976, ya zama ginshiƙin tattaunawar da ta kai ga kafa yankin Nunavut a 1999. A Kenya, a 2006, dattawan Ogiyek na dajin Mau sun taru a Nessuit suka gina siffar ƙasarsu da kwali, tudu da kwari, suka sa alamar wuraren zuma da iyakokin dangi, yaran makaranta na taya su. A 2017 kotun Afirka da ke Arusha ta yanke hukunci cewa an tauye musu haƙƙi a kan ƙasar kakanninsu. Duk da haka a 2023 an sake rushe gidajen wasunsu, don taswira da hukunci ba su ne ke tsare ƙofa ba. A jihar Wahaka ta Meziko kuma, a 2009, wasu al'ummomi suka yi kuka cewa masu binciken da suka taya su zana ƙasarsu ba su fito sun gaya musu da kuɗin wani ofishin sojan Amurka ake aikin ba. Ka bayyana inda rijiyarka take da inda arzikinka yake, sannan takardar ta kwana a aljihun wani.

Ruwanda ta fi kusa da halinmu, ƙasa ce ƙarama mai cunkoso da ƙananan gonaki. Daga 2009 zuwa 2013 sun yi rajistar filaye sama da miliyan 10, kuma ba da injiniyoyi suka yi ba. Matasan gari aka koya wa karanta hoton sama, suna bin gonaki tare da masu su da maƙwabta, a ja layi a kan hoton a gaban kowa, a kafe sakamakon a bainar jama'a don mai ƙorafi ya fito. A Najeriya ma Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka gwada irin wannan rajista a Ondo da Kano, a Fagge da Ungogo maƙwabciyarmu. Gwaji ne, kuma bai zama ruwan dare ba.

Abin da ya fi kama da wannan aiki da aka taɓa yi a ƙauyukanmu, ba a kan gona aka yi shi ba, a kan allurar shan inna ne. Shekara da shekaru ma'aikatan rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, jami'in mazaɓa da masu unguwanni su zauna su zana gari da biro. Sunayen daidai suke, amma nisa ba daidai ba, kuma ƙananan unguwanni da rugage na faɗuwa ta tsakanin zanen wannan da na wancan, kowa na zaton suna ɓangaren ɗan'uwansa. Daga 2012 aka fara haɗa hoton tauraron ɗan'adam da aikin, aka ga rufin gidajen da ba su cikin kowace takarda. Sai dai hoto bai san sunan kowa ba. Dole aka koma wurin dagatai da masu unguwanni da arɗo su faɗi sunan kowane wuri da wanda ke riƙe da shi. Da aka haɗa biyun aiki ya miƙe. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Abin lura shi ne zanen mutanen gari ma yana mantuwa, kuma wanda yake mantawa da shi kullum shi ne na gefe.

Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa a bar wa "al'umma" kawai. A Kanada ko Kenya an san wanda ke ƙwace da wanda ake ƙwace wa. A Gezawa kowa ɗan ƙasa ne, manomi da makiyayi da mai sarauta, kuma wanda ke cin iyakar wani sau da yawa ɗan'uwansa ne a sahun salla. In aka shimfiɗa tabarma a ƙofar dagaci aka ce a zana gari, masu manyan gonaki ne za su zauna a gaba. Matar da ke cikin kulle, wadda Shari'a ta ba ta kasonta na gado amma yana hannun yayanta "yana noma mata", ba za ta zo ba. Mai aro ba zai ɗaga murya a gaban wanda ya ara masa ba. Bafulatanin da burtalin ya fi shafa yana can kudu da shanu, sai damina. Taswirar da aka zana ba su, ta fi rashin taswira muni, don ta mayar da zalunci rubutacce.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana kafin su koya. A 1991 rikicin manoma da makiyaya a Toda, jihar Maraɗi, ya ci rai sama da 100, galibi mata da yara. A 1993 suka kafa dokar karkara, daga baya a ƙarƙashinta aka samar da kwamitocin ƙasa har zuwa matakin gari, mai gari na shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Kwamitin na ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da jingina da gado, wato dokar ta yarda da irin haƙƙoƙin da mutane ke rayuwa da su. A Maraɗi an bi burtali an kafa masa turakun siminti bayan ɓangarorin sun taka shi tare sun amince. Ba aljanna ba ce, kwamitoci da yawa ba sa motsi sai wata ƙungiya ta kawo kuɗi. Amma turken da aka kafa da shaidar kowa yana da wuyar tugewa da dare. Mu a nan muna da dokar wuraren kiwo tun 1965, burtalinmu kuwa a wurare da dama ya tsuke har saniya biyu ba sa jerawa, shingen aguwa da ke tsare shi an cinye shi kunya bayan kunya.

Yanzu ga birni ya iso. Daga Tokarawa zuwa Gunduwawa zuwa Jogana, gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba musu taki ana yanka su filoti-filoti. Mafi yawa awon igiya ne: dillali ya sayi gona, ya kawo igiya da turaku, ya fitar da layi mai faɗin da kura ba za ta juya a ciki ba, ya sayar ya yi gaba. Ba na kuka da mai gonar da ya sayar, dukiyarsa ce, kuma ga aurar da 'ya'ya ga asibiti. Gonar mutum ɗaya tana da mai tsaya mata. Abin da ke tafiya ba a ji ba shi ne wanda yake na kowa: burtali, mashaya, kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, gefen maƙabarta, filin idi, filin makaranta, hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. In an cike kududdufi an gina, sai Agusta ta zo ruwan ya nemi tsohon gidansa, ya same shi a ɗakin mutane. Sannan a ce ƙaddara.

Saboda haka ni a ganina ba da gonakin mutane za a fara ba. Wannan zai ta da tsohon tsoron awo, ya tono rigingimun gado da ke kwance. A fara da kayan kowa. Hoton gari daga sama yau yana cikin wayar kowane ɗalibi, buga shi a babbar takarda bai kai kuɗin buhun taki ba. A shimfiɗa shi bayan la'asar, dattawa su nuna, matasa su zana. A yi wa mata nasu zaman a cikin gida, da mace mai rubutu, don su suka san bishiyoyi da hanyoyin ruwa da itace. A jira lokacin da makiyaya ke nan, a kira arɗo tun ranar farko. Sannan a tashi a taka duk abin da aka zana da ƙafa, don hoto ba ya nuna saiwar aduwa. Inda aka saɓa a rubuta an saɓa, kada a tilasta layi. In an gama a karanta a masallacin Juma'a, a kafe wata guda. Kwafi ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin liman, ɗaya a makaranta, ɗaya a kai ƙaramar hukuma a buga masa hatimi, don dokar 1978 ɗin nan ita ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar karkara. Kwafi ɗaya tak a hannun mutum ɗaya, komai girman rawaninsa, hanyar ɓata ce.

Kuɗin irin wannan aiki ma ba a rasa ba. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma tsara amfani da ƙasa tare da jama'a na cikin abin da shirin ya ce zai yi. Masu irin waɗannan shirye-shirye za su zo, da motoci da manyan takardu da alƙaluma masu launi, su ce a zana musu gari. A karɓe su hannu biyu, a ba su ruwa. Amma kafin dattijo ya ɗora yatsa a kan takardar, mai girma dagaci, a tambaye su abu uku a gaban jama'a: wa ya biya kuɗin aikin, wa zai ga abin da aka zana, kuma wane kwafi ne zai kwana a garin nan. In ba su da amsar ta ukun, a naɗe tabarma.